Wata 7 da na'urar raba magani a ɗakin Hajiya

Mahaifiyata ta haura shekara 70, kuma tana fama da hawan jini da ciwon suga. Likita ya ɗora ta a kan amlodipine da glibenclamide da safe, sai metformin safe da dare tare da abinci. Abin da ya sa muka nemi na'urar da zan yi magana a kanta shi ne ranar da muka tarar da Hajiya zaune a kan darduma ta jiƙe sharkaf da gumi, hannuwanta na karkarwa, domin ta sha glibenclamide sau biyu ba tare da ta tuna ta riga ta sha ba. Maganin yana sa jiki ya ƙara fitar da insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, saboda haka idan aka ninka shi suga yakan yi ƙasa sosai, har ya kai tsoho ga suma. Bayan an sallamo ta daga asibiti ne ƙanena da ke aiki a Ingila ya aiko mana da na'urar nan Kano.

Na'urar zagayayyiya ce kamar babban faranti mai murfi, a cikinta akwai tire mai gurbi 28, kuma ana kulle murfin da makulli. Da yake Hajiya sau biyu take shan magani a rana, zubi ɗaya yana kai mu mako biyu. Idan lokaci ya yi sai tiren ya juya, gurbi ɗaya kaɗai ya buɗe, ƙararrawa ta kaɗa, fitila ta riƙa walƙiya, har sai an kife ta ƙwayoyin sun zubo a tafin hannu. Wannan kullen shi ne abin da na fi yabawa, domin tun da ta shigo gidan nan ba a sake ninka magani ba, kuma na daina farkawa cikin dare ina ƙirga ƙwayoyin da suka rage a cikin kwali. Batir take amfani da shi, don haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da ita, amma saƙon da take turowa wayata yana bukatar intanet, wanda sau da yawa yakan makara.

Waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka cewa agogo ne ke tafiyar da ranar kowane tsoho, alhali Hajiya da lokutan salla take auna yininta. Sai da na saita ƙarar dare ta zo bayan Isha'i, lokacin da take cin tuwo, sannan ta saba da ita. Kuma tun da lokacin salla yana matsawa a cikin shekara, dole nakan koma in gyara. Da azumi kuwa ban taɓa saitin ba sai da likita ya sake tsara mata shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Akwai kuma batun zafi: yawancin kwalayen magani suna cewa a ajiye shi ƙasa da digiri 30, ga shi a watan Afrilu Kano takan haura 40, don haka mai harhaɗa magunguna ya shawarce ni in rage yawan kwanakin da nake ɓare ƙwayoyin daga takardarsu, in kuma nisanta na'urar da taga.

Babbar gazawarta ita ce iyakar saninta magani ya fita daga gurbinsa, ba ta san ko an haɗiye shi ba. Wata ranar Juma'a wayata ta nuna cewa komai ya tafi daidai, amma da na je gyara shimfiɗa sai na ga ƙwayoyin metformin biyu a ƙulle a bakin mayafinta. Da na tambaye ta, sai ta ce, "'Yar nan, cikina yake murɗa mini, na ce bari in sha koko tukuna." Daga nan mantuwa ta shigo.

Ga tsohon da hankalinsa ke tare da shi, wanda matsalarsa ita ce mantuwa da rikicewar ƙwayoyi, ina ganin na'urar ta cancanci kuɗinta. Ga wanda ruɗewar tsufa ta fara kamawa, ko mai allurar insulin, ba za ta wadatar ba. Mu dai yanzu idan ƙararrawar ta kaɗa, jikarta ce ke kawo ruwa a kofi, ta zauna kusa da ita har sai ta ga ta haɗiye.