Google Flights da tikitin da na yanka wa Umma zuwa Alkahira

Tun bayan Babbar Sallar 2025 likitan ƙashi ya gaya mana gaskiya, gwiwar Umma ta dama ta cinye, sai an canza ta. Muka zauna da ƙannena muka yi shawara, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka tsaya a kan Masar, tunda akwai ɗan ƙanwarta da ke karatu a Alkahira wanda zai tarbe mu. Kuɗin aiki da na masauki an riga an ƙiyasta su. Abin da ya rage a wuyana shi ne tikitin mutum biyu, zuwa da dawowa, kuma duk nairar da na rage a tikiti ta tafi ga magani ne.

Ina da tabo a kan wannan harka. Shekaru uku da suka wuce ƙanina zai tafi Umara, muka biya wani ejan kuɗi cif, ya turo mana takarda ta WhatsApp mai tambarin kamfanin jirgi da ranar tashi da komai. Sai da muka isa filin jirgin Malam Aminu Kano da jakunkuna da 'yan rakiya aka duba kwamfuta aka ce ai wannan riƙe kujera kawai aka yi, ba a biya ba, wa'adin ma ya wuce. Ranar na ga babban mutum yana share hawaye a bakin ƙofar shiga. Kuɗin sun dawo daga baya da kyar, guntu-guntu. Shi ya sa a wannan karon na ce sai na san farashin abu da idona kafin in zauna gaban kowa.

Wata 'yar yayata da ke jami'ar Bayero ce ta nuna min Google Flights a wayata. Ba manhaja ba ce da za a sauke, shafi ne a intanet, kuma kyauta ne. Abu na farko da ya kamata mutum ya gane, wanda ni ma sai da ta maimaita min: ba ya sayar da tikiti. Dillali ne da ke zagaya kasuwa ya dawo ya faɗa maka nawa kowa ya yi kuɗin kayansa, sannan ya nuna maka ƙofar shagon. Kamfanin Google ya buɗe shi a 2011, bayan ya sayi ITA Software, masu injin lissafin farashin jirage, a kan dala miliyan 700. Wannan injin ne ke sa amsa ta fito kafin ka ajiye kofin shayi.

Na rubuta KAN, wato filin jirgin Kano, a gurbin tashi, CAI, wato na Alkahira, a gurbin sauka, na sa mutum biyu. Farashin ya fito da kuɗin waje, sai ta gangara can ƙasan shafin ta mayar da shi naira. Wannan ɗan wurin na ƙasa mutane da yawa ba sa lura da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne jadawalin ranaku. Kana dannawa sai wani allo mai gida-gida ya buɗe, ranakun tafiya a gefe ɗaya, na dawowa a ɗaya gefen, kowane gida da farashinsa, masu sauƙin an yi musu launin kore. A nan na ga da idona cewa matsar da tafiya da kwana biyu kacal zai iya rage mana abin da ya isa kuɗin masaukin kusan mako guda. Babu ejan da ya taɓa nuna min wannan. Ba don mugunta ba, kai ne ka zo ka ce masa ranar kaza nake so, shi kuma ya duba maka ranar kaza. Ni kuwa a daren na yi kusan awa biyu ina matsar da ranaku gaba da baya kamar mai dara, Umma tana kan darduma tana lazimi, lokaci-lokaci ta ɗago ta ce, "Babana, ka kwanta haka nan, idonka zai lalace." Sunan mahaifinta gare ni, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Hanyoyi uku ne suka fi fitowa. Akwai EgyptAir da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alkahira, awa huɗu da wani abu, amma ba kowace rana ba. Akwai Ethiopian Airlines da ke bi ta Addis Ababa, a sauka a jira a sake hawa wani. Akwai kuma na tashi daga Abuja. A ranakun da na duba, mafi arha shi ne mai tsayawa a hanya, kuma da ni kaɗai ne, da jakata a kafaɗa, da shi zan ɗauka ban yi wata-wata ba. Amma na danna na buɗe bayanin tafiyar, na ga awannin jira a tsakiya, na dubi ƙafar Umma da ke miƙe a kan filo. Matar da daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta huta sau biyu, ita ce zan ajiye a kujerar ƙarfe ta filin jirgin wata ƙasa cikin dare? Kuma a dawowa da ɗinki ɗanye. Na Abuja kuma da na haɗa kuɗin mota da kwanan otal da jijjigar hanyar Kaduna, sauƙin ya narke, bai ma kai a yi maganarsa ba.

A nan zan yaba wa shafin, domin bai ɓoye min komai ba. Tsawon tafiya gaba ɗaya yana rubuce kusa da farashi, wurin tsayawa da awanninsa suna nan, har faɗin wurin miƙe ƙafa a kujera yana nunawa a yawancin jirage. Akwai wurin tacewa inda za ka ce kai tsaye kawai kake so, ko kada jira ya wuce awa kaza. Idan kuma tikiti biyu ne daban-daban aka haɗa maka, yana yin gargaɗi. Wannan gargaɗin kada a raina shi. Ma'anarsa in jirgin farko ya makara na biyu ya tashi, babu wanda ke da alhakinka, kuma kai za ka karɓi kayanka a tsakiya ka sake auna su, wani lokacin har sai kana da bizar ƙasar da ka tsaya.

Sai batun agogo, wanda ya kusa ruɗa ni. Duk lokacin da aka rubuta na garin da abin zai faru ne. Masar a watannin zafi tana gaban Najeriya da awa biyu, tunda sun dawo da canjin agogo a 2023, in sanyi ya shigo kuma ya koma awa ɗaya. Na fara lissafi na ga kamar tafiyar awa shida ce da rabi, ashe biyu na agogo ne.

Na kunna bibiyar farashi, wanda ke turo saƙo ta imel duk lokacin da kuɗin ya hau ko ya sauka. Kwana tara ina kallo. Ya sauka sau ɗaya, ya hau sau biyu. Abokaina a kasuwa suka ce ai yawan dubawar da nake yi ce ke sa suna ƙara min, wai shafin ya gane ina so. Na gwada da wayar matata da ba a taɓa bincike da ita ba, farashi ɗaya ne. Daga baya na fahimci yadda abin yake. Kujerun da ke ɓangare ɗaya na jirgi ba kuɗi ɗaya ake sayar da su ba, an kasa su mataki-mataki, kowane mataki da harafinsa da adadin kujerunsa. In na ƙasa ya ƙare sai a hau na sama, ko da kuwa wanda ya biya kaɗan da wanda ya biya da yawa kafaɗarsu na gogar juna. Ga kuma dala da ke motsi ƙarƙashin komai. Wani abin da na gano da kaina: in ka nemi kujera biyu alhali ɗaya ce ta rage a mataki mai arha, duka biyun za a yi maka kuɗinsu a mataki na sama. Don haka yana da kyau ka duba na mutum ɗaya, sannan ka duba na biyu, ka ga ko ninki ne daidai.

Waɗannan matakan su ne aka rufe mana a 2023, wanda ya yi tafiya a shekarar zai tuna. Kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala sun haura dala miliyan 800, sai suka janye kujeru masu arha daga kasuwarmu suka bar masu tsada. Sai a 2024, bayan Babban Banki ya biya bashin, suka fara buɗe su. Na kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka shafin intanet ne ke yin arha ko tsada. Abin da ke kasuwa yake nuna maka, in babu arha a ƙasa babu inda zai samo ta.

Inda amfaninsa ya tsaya shi ne wajen biya. In ka zaɓi jirgi sai ya tura ka shafin kamfanin jirgin ko na wasu masu sayar da tikiti ta intanet, wasunsu ban taɓa jin sunansu ba, suna can wata nahiya. Wanda ya fi arha a jerin irinsu ne. Na tambayi kaina, in likita ya ƙara mana kwanaki, wa zan kira, da wane yare, a wane lokaci? Ga shi katin naira ma sai a tsakiyar 2025 wasu bankuna suka dawo da biyan kuɗin waje da shi bayan sun dakatar tun 2022, kuma da iyaka. Na ɗauki hoton allon wayata, da lambar jirgi da rana da farashi, na tafi wurin wani dattijon ejan da maƙwabcina ya yi shekara goma yana hulɗa da shi.

Na gaishe shi na miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau ya duba, ya juya ga kwamfutarsa ya yi 'yan danne-danne.

"Alhaji, ka yi aikinka ka gama ai," in ji shi. "Wannan farashin gaskiya ne, yana nan. Amma mara lafiya za ka kai ko?"

Na ce, "Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe. Aikin gwiwa."

"Allah ya ba Hajiya lafiya. To kada ka ɗauki wannan. Na saman shi za ka ɗauka."

Ya juyo min da allon ya nuna min sharuɗɗan da ke ƙarƙashin kowane mataki. Mafi arhar, in za ka canza ranar dawowa akwai tara mai nauyi, ga cikon bambancin farashi. Na gaba da shi ya ɗara kuɗi kaɗan, amma canjin rana da sauƙi. Ya ce mai zuwa asibiti shi ya san ranar tafiyarsa, ranar dawowa kuwa tana hannun Allah sannan likita. Google Flights yakan nuna wasu daga cikin waɗannan sharuɗɗa in ka kai matakin ƙarshe, amma idona yana kan lamba, ban tsaya na karanta ba. Ya ɗora ladansa a fili, ya faɗa min nawa ne, na biya da daɗin rai.

Kafin ya buga komai ya karɓi fasfo ɗinmu ya kwafi sunaye harafi bayan harafi. Sunan da dangi ke kiran Umma da shi daban, yadda aka rubuta a fasfo daban, kuma na fasfon ne kaɗai jirgi ya sani. Ya duba cewa fasfon yana da sauran fiye da wata shida, ya tambayi biza da katin allurar shawara, ya saka mana buƙatar keken marasa lafiya a duka filayen jirgin biyu, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa amma ana so a nema tun da wuri.

Da ya miƙo takardar, abin da na fara nema shi ne abin da babu a takardar ƙanina. Lambar riƙe kujera harufa da lambobi shida ce, kowa zai iya samo maka ita ba tare da ya biya ba. Tikiti na gaske yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne: na EgyptAir 077, na Ethiopian 071, na Saudia 065. Na ga 077 a gaban sunan Umma, na ga a gaban nawa. A nan gabansa na buɗe shafin kamfanin jirgin a wayata, na sa lambar nan shida da sunan mahaifi, tafiyarmu ta fito da lambobin tikiti a jiki. Dattijon bai ji haushi ba, cewa ya yi da kowa zai riƙa yin haka da an huta da rigima.

Ga tafiyar cikin gida, Kano zuwa Legas ko Abuja, ban dogara da Google Flights shi kaɗai ba, domin ba kowane kamfani ke ba shi farashinsa ba. Nakan buɗe shafukan Air Peace da Max Air da Rano Air ɗaya bayan ɗaya in kwatanta. Na kuma gwada Skyscanner da Wakanow, su ma shafukan neman tikitin jirgi ne, a kan tafiyar Alkahiran, farashin bai yi nisa da juna ba, sai dai jadawalin ranakun Google ya fi min sauƙin karantawa a ƙaramar waya. Mai niyyar Umarar goman ƙarshe na azumi ko tafiyar Disamba kuwa, ya fara dubawa da watanni, don matakan ƙasa su ke fara ƙarewa.

An yi wa Umma aiki lafiya. Kwana uku kafin ranar da muka sa za mu dawo, likita ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe ta, ya ce bai gamsu ba, sai ta ƙara kwana goma ana gashi. Daga barandar asibitin na tura wa dattijon saƙo, kafin la'asar ya turo sabuwar takarda, abin da na cika bai kai kuɗin cefanen mako ba. Ranar da muka sauka Kano wani matashi ma'aikaci ya turo ta a keke tun daga ƙofar jirgi har inda ƙannena ke tsaye, tana ta sa masa albarka. Da muka zo bakin mota ta ce a tsaya, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta taka uku da ƙafarta ta shiga.