Saboda ɗan sitikan jikin ƙofa kamfani ya kira motata a Amurka

Assalamu alaikum mutanen Kabi, na gida da na waje, ya zafi? Mu nan Ohio sanyi ne ya sa mu gaba. Wani abu ya same ni kwanan baya da ya tsaya mani a rai, na ce bari in zo in ba ku labari, musamman direbobinmu da masu shirin sayen kwatano.

Wasiƙa ce ta zo daga kamfanin da ya ƙera motata, bayan ambulan an buga jan rubutu da tambarin hukumar gwamnati, cewa sanarwa ce kan lafiyar mota a buɗe da gaggawa. Wallahi gabana ya faɗi, na ce shi ke nan birki ne ko sitiyari, ga shi kullum da ita nake kai yara makaranta. Da na karanta ashe ɗan sitikan nan ne da ke manne jikin ginshiƙi in ka buɗe ƙofar direba, wanda ke nuna girman taya da yawan iskar da za a ba ta da nauyin da motar ke iya ɗauka, mutane da kaya a haɗe. A masana'anta aka buga nauyin ya zarce na gaskiya, don haka suke kiran duk wanda ya sayi irin motar ya kawo a canza masa.

Na kira dila suka ba ni rana, don nan ba ka tashi haka kawai ka faɗa gareji, komai sai da alƙawari, wannan kam har gobe yana ci mani rai. Ranar da na je wani matashi ya fito da ɗan ƙyalle da kwalbar sinadari, ya durƙusa bakin ƙofa ya ɓare tsohon a hankali, ya goge wurin tas, ya duba lambar mota ya gwada da ta jikin sabon sitikan kafin ya manna shi, ya murje da yatsa, ya ɗauki hoto ya shigar kwamfuta. Sai ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya da geji, ya ba ni takarda, ya ba ni haƙuri a kan wahalar da aka sa ni. Ko sisi ban biya ba. Na zauna cikin mota na jima ban tayar ba, ina tunanin tashar Jega.

Ba kirki ne ya yi wa kamfanonin yawa ba, doka ce ta matse su. Akwai hukuma da ake ce ma NHTSA, tun 1970 take, aikinta lafiyar ababen hawa. In kamfani ya gano aibi a motarsa dole ya sanar da ita cikin kwanakin aiki 5, ya rubuta ma masu motocin cikin kwana 60, kuma gyara kyauta ne muddin motar ba ta wuce shekara 15 ba. Shi kansa sitikan doka ce ta ce a manna shi, in lambar jikinsa ba daidai ba motar ta saɓa ƙa'ida ke nan ko da injinta lafiya lau yake.

Kuma da jini suka koyi wannan darasi. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5, galibinsu a kan jif ɗin Ford Explorer, bayan tayoyin sun riƙa saɓulewa ana tsaka da gudu motar ta wuntsila, mutum sama da 200 suka rasu. Cikin abin da aka yi ta jayayya a kai har da iska, Ford ya rubuta a ba taya 26 a gejin iska, Firestone ya ce 30 ya kamata. Tazarar huɗu kacal! Kuma haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi irin Texas da Florida, har da Saudiyya. Daga nan majalisarsu ta yi doka a wannan shekarar, shi ya sa tun 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a nan ke zuwa da fitilar da ke kamawa in iskar taya ta ragu sosai.

To in zafin Texas ya yi haka, ina ga kwaltar Koko zuwa Yawuri a watan Afrilu da tsakar rana, lokacin da zafi ke haura 40? Taya in iskarta ta yi ƙasa ko an danne ta da lodi, gefenta ne ke ta lanƙwasa yana miƙewa, tana ɗaukar zafi daga ciki har robar ta rabu da wayar, sai ka ji fam. Ƙaramar mota irin wadda muke haya da ita, in ka duba sitikanta za ka ga abin da aka yarje mata bai wuce wajen kilo 400 ba. Ku yi lissafi da kanku, manya biyar in kowa ya kai kilo 70 an ci 350, saura buhun shinkafa ɗaya. Mu kuwa biyu gaba huɗu baya ga direba, but ya ƙi rufuwa saboda albasar Aliero an ɗaure shi da igiya, bayan mota har yana sharar ƙasa, in fasinja ya yi magana ɗan kamasho ya ce in ba ka so sauka ka ɗauki shata. Ko jaki aka yi masa haka durƙushewa yake. In taya ta fashe a ce kwana ya ƙare, ƙwarai mun yi imani da ƙaddara, amma ai addinin da ya koya mana ita shi ya ce mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Kuma abin bai bar manya ba, a Maris 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu hanyar Kaduna zuwa Abuja, taya ce ta fashe.

Na kira kawuna da ya tsufa a tuƙin haya na ba shi labari, ya ce ɗana, ni tun da nake ban taɓa sanin takardar nan magana take da ni ba, mu iska sai abin da mai faci ya buga. Gaskiyarsa, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa. Mai faci ya buga 50 ko fiye ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ce ta yi, wani kuma lambar jikin taya yake bi, alhali waccan iyakar abin da tayar ke iya jurewa ce, ba abin da motarka ke so ba. Galibin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne, kuma da safe ake gwadawa kafin taya ta yi zafi.

Kada ku ɗauka komai na nan ya fi. Ƙusa ta soke ka a babbar hanya nan babu mai faci gindin darbejiya da zai taso da gudu ya ce Alhaji sannu, ya gyara maka ka ce sai na dawo ya ce ba komai Allah ya kiyaye hanya. Nan janwe za ka kira, ka tsaya cikin ƙanƙara motoci na wuce ka ba mai kallonka, in hujin ya kusa gefe su ce ba su faci sai sabuwa, kuɗin aiki kuwa ba a magana. Ina kewar mutanenmu ƙwarai, hannunsu na da albarka, geji mai kyau da ɗan sani kawai suka rasa.

Abin da ya fi damuna shi ne motocin nan da ake kira a gyara, da yawansu su ne ke ƙarewa wurinmu. An yi gwanjonsu nan, an loda jirgi zuwa Kwatano ko Legas, wasiƙar kamfani kuwa tana can tana zuwa adireshin mai ita na baya, ba za ta taɓa iso Birnin Kebbi ba. Sitika ma mai sauƙi ne. Akwai jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari in an yi karo, ta kamfanin Takata, kusan miliyan 67 aka kira a Amurka saboda zafi da laima na lalata sinadarin cikinta, ta tarwatse ta watsa ma direba ƙarafa a fuska, kuma tana cikin Honda da Toyota da dama na shekarun 2000, irin waɗanda suka cika titunanmu.

Don Allah kafin ka biya kuɗin mota 'yar Amurka duba lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, ka sa ta a shafin NHTSA zai nuna maka in akwai kiran da ba a gyara ba, kyauta ne. Taya kuma duba lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT, in ka ga 2319 an yi ta ne mako na 23 a 2019, kada ƙyallin man da aka shafa mata ya ruɗe ka, gwanjon taya ma ai gwamnati ta hana shigo da ita amma ga ta nan jibge kowace kasuwa. Wanda bai da data ko shafin ya ƙi buɗe masa ya ɗauki hoton lambar shasin ya turo mani, in na taso aiki zan duba masa in sha Allahu.