Katin Borg, na'urar yatsa ko agogo: me za ka saya wa mai haki?

Duk wanda ya taɓa jinyar dattijo a Zango ya san amsar da ake samu in an tambaye shi jiki: "Da sauƙi, Alhamdu lillahi." Haka Baba yake faɗa ko da ƙirjinsa na sama da ƙasa kamar zugazugin maƙeri. Yana da ciwon zuciya, ga huhu da hayaƙin shekaru ya ci, likita kuma ya ce lallai ya riƙa tattaki kullum kada zama ya ƙarasa shi. Matsalar ita ce ba mu san inda hakin motsa jiki ya tsaya, na haɗari ya fara ba. Garin neman abin awo na sayi kaya iri-iri, wasu sun yi amfani, wasu kuɗi kawai na zubar. Masu tare ni da tambaya a unguwannin Aboabo da Asawase na nan Kumasi sun yi yawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Agogon hannu mai nuna bugun zuciya shi samari suka fi so su saya wa iyaye, don yana da kyan gani. Ba ya auna oksijin sai ka tsaya cik, hannu ba motsi, alhali mu a kan tafiya muke son sani. In kuma mara lafiya na shan irin su bisoprolol ko atenolol, maganin da kansa yake danne bugun zuciya, sai agogo ya nuna lafiya lau mutum na shan wuya. Bututun da ake hurawa na masu asma ne, ƙarfin fitar iska yake aunawa, ba ruwansa da mai ciwon zuciya. Manhajar waya da ake ɗora yatsa a kan kyamara kuwa, kada ma ka ɓata data.

Abin da ya fi mini duka ba a sayar da shi a shago. Kati ne mai lambobi daga 0 zuwa 10, wanda wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Borg, ya tsara, kuma da shi asibitoci ke aiki a duniya wajen gwajin masu ciwon huhu da zuciya. 0 na nufin babu haki ko kaɗan, 1 da 2 ɗan kaɗan, 3 matsakaici, 4 ya ɗan yi tsanani, 5 mai tsanani, 7 mai tsanani ƙwarai, 10 kuma iyakar abin da mutum zai iya ɗauka. Akwai wani nasa mai tafiya daga 6 zuwa 20, amma wannan na gajiyar jiki ne gaba ɗaya, kuma yana rikita tsofaffi. Na samu bayan kwalin sabulu na rubuta lambobin manya-manya da alƙalamin maka, na sa bayanin da Hausa, ƙanena ya ƙara da ajami tunda Baba ba ya karanta boko. Kuɗin da na kashe bai wuce na leda da aka lulluɓe shi ba.

Ranar farko da na miƙa masa, ya dube ni ya ce, "Kai yaro, jarrabawa za ka yi mini?" Na ce, "A'a Baba, yatsa kawai za ku ɗora." Ya ɗora a kan 6, bakinsa kuma na cewa da sauƙi. Dattijo ba zai ce maka yana wahala ba, don gani yake kamar ya kai ƙarar Ubangijinsa, amma nuna lamba ba ta yi masa nauyi. Galibi masu horar da irin waɗannan marasa lafiya suna son a tsaya wajen 3 zuwa 4, inda mutum na haki amma yana iya amsa gaisuwa har ƙarshe. Gaisuwarmu ta Zango ma awo ce mai kyau: in ya kai "ina gajiya, ina iyali" bai yanke ba, ana kan hanya. In kalma biyu ta gagare shi, a zauna.

Katin ya fi armashi in an haɗa shi da tafiyar minti 6. A asibiti ana yin ta a doguwar baranda mai mita 30, mutum ya yi ta kai da komo gwargwadon ƙarfinsa, yana iya tsayawa ya huta amma agogo ba ya tsayawa, a ƙarshe a lissafa nisan. Mu filin gaban makarantar allo muka auna da igiya, muka aje duwatsu biyu. Ina rubuta lambar haki kafin ya fara da bayan ya gama, da yawan zagaye. Littafin nan nake kai wa likita. Sai dai a fara neman izininsa, musamman wanda ciwon zuciya ya kayar da shi kwanan nan, kuma ciwon ƙirji, jiri ko zufa mai sanyi suna nufin a tsaya nan take, ko kati ya ce 2.

Kati shi kaɗai ba ya ganin jini, don haka mai ciwon huhu yana bukatar na'urar yatsa a gefe. Tana haska jan haske da wani da ido ba ya gani ta cikin yatsa, ta ƙiyasta oksijin da ke jini. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, wasu masu daɗaɗɗen ciwon huhu likita kan yarje musu 88 zuwa 92. Amma ka riƙe wannan: lambar ba haki ba ce. Mai ciwon zuciya ko mai ƙarancin jini yana iya nuna 97 yana neman iska. In za ka saya, nemi mai nuna layin nan mai hawa da sauka tare da bugu, mai cin ƙananan batira da ake samu ko'ina.

A nan aka cuce ni. Lokacin korona na sayi ɗaya a hannun wani mai tebur a kasuwa, kwali mai sheƙi, har da hoton likita. Wata uku tana ba mu 98 da 99, safe da yamma, ni kuwa ina ta murna. Wata rana ɗiyar ƙanwata tana wasa ta maƙala ta a jikin biro. Na leƙa, sai ga 98, har da bugun zuciya 74. Biro! Jikina ya yi sanyi, don a makon nan sau biyu na ce wa Baba ya ƙara zagaye tunda na'ura ta ce lafiya. Da muka je asibiti nas ta sa masa tasu bayan ya hau matakala, abin da ta nuna ya yi ƙasa da namu nesa ba kusa ba. Na koma wurin mai teburin, ya ce shi ma saro ya yi.

Tun daga nan ba na sayen irin wannan sai a kantin magani mai lasisi, da rasit, kuma a gaban mai kanti nake gwadawa. Ina sa ta a biro ko a bar ta ba komai. In ta ba da lamba ta zauna daram, na aje. Ina sa ta a yatsana in ƙirga bugun wuyan hannuna na minti ɗaya in ga ko sun yi kusa. Ina karanta takardar ciki, don wasu an rubuta ƙarara cewa na 'yan wasanni ne, ba na asibiti ba, mai saye ne ba ya dubawa. Tambarin CE da ke kan kwali, mai nuna wai kaya ya cika ƙa'idar Turai, kada ya ruɗe ka, kowa na iya buga shi. Hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA, ita ke rajistar kayan asibiti, ka tambayi mai kanti ko tasa na da rajista, ka kuma dubi fuskarsa lokacin da yake amsawa. Masu tallar WhatsApp da ke cewa a fara tura kuɗi ta momo, wato ta waya, masu cewa tasu "daga Jamus" take ba tare da sunan kamfani ba, duk layi ɗaya ne.

Ko ta gaskiyar ma tana da nata. Yatsa mai sanyi da asubahin hunturu, jan farce, baƙin lalle, motsin hannu, duk suna karkatar da ita. Hayaƙin gawayi a ɗaki rufe ko na taba yana sa ta nuna sama da gaskiya. Sannan a 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun gano cewa kusan ninki uku ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata a kan farar fata. Wato mu ne abin ya shafa. Saboda haka duk wadda ka saya, ka tafi da ita ranar ganin likita, ko babban asibitin Komfo Anokye ne ko ƙaramin asibitin unguwa, ka roƙi nas ta sa tasu a yatsa ɗaya, taka a ɗayan. Bambancin lamba 2 ba komai ba ne, in ya wuce haka ka mayar wa masu kanti da kayansu tun rasit bai ɓace ba.