Ɗan rakiyar da ya kai mu ƙasar Langalibalele

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu kuma yana son tarihin sarauta, don Allah ya nemi ɗan rakiya ɗan ƙabilar Hlubi. Mu namu daga Estcourt ya ɗauke mu zuwa Giant's Castle a gindin tsaunukan Drakensberg, kuma wallahi rand ɗin da na biya bai yi min ciwo ba ko kaɗan.

Bari in fara da laifinsa, ya makara kusan awa ɗaya, motar kuma hitarta ba ta aiki ga sanyin safiyar nan mai shiga ƙashi. Raina ya ɓaci sosai amma da ya buɗe baki sai na manta.

Tun a hanya ya faro tarihin sarakunan Hlubi daga Bhungane, zuwa ɗansa Mthimkhulu wanda mutanen Matiwane sarkin ƙabilar Ngwane suka kashe har ƙabilar ta watse, sannan Langalibalele wanda ya tsere wa Mpande sarkin Zulu a 1848 ya shigo Natal da jama'arsa da shanunsu, Turawa suka zaunar da su a gindin tsauni don su zama katanga tsakaninsu da 'yan ƙabilar San masu kore musu shanu. Langalibalele ya yi suna wajen roƙon ruwa. Da muka hau tudu aka hango mashigar tsaunin da yanzu take ɗauke da sunansa, sai mutumin nan ya cire hula ya riƙe a ƙirji ya shiga kirarin sarakunansu, izibongo suke ce masa, muryarsa har rawa take. Ban ji kalma ɗaya ba amma tsigar jikina ta tashi.

A nan ya ba mu labarin 1873. Samarin Hlubi sun dawo da bindigogi daga aikin haƙar daimon a Kimberley, gwamnatin Turawa ta Natal ta ce a kawo a yi rajista, sarki Langalibalele bai kai ba, aka turo Manjo Durnford ya tare mashigar aka yi harbi aka rasa rayuka, sarki ya tsallaka Basutoland (Lesotho ta yau) can Molapo, wani basaraken ƙasar, ya miƙa shi ga Turawa, aka yi masa wata shari'a a 1874 wadda Bishop Colenso ya tsaya kai da fata cewa zalunci ce, aka kai sarkin kurkukun tsibirin Robben, aka kwashe ƙasa da shanu. Sai 1887 ya dawo Natal, ya rasu 1889.

Inda na so ya daɗe shi ne maganar yau. Na tambaye shi hukumar Nhlapo, wadda gwamnati ta kafa don duba rigingimun sarautun gargajiya, da ba ta amince a ɗaga sarautar Hlubi zuwa matsayin cikakken sarki ba, ya ba ni amsa a gajarce fuska a ɗaure, na ga abin na ci masa rai sai na bar shi.

In za ku je ku tafi da rigar sanyi da takalmin hawa dutse, ku kuma ce masa ya zo da wuri.