Mai gyaran da ya raba mu da sanyin bayin ƙasa

Gidanmu a Manchester cikin tsofaffin gidajen nan yake na jan bulo, masu jere manne da juna tun zamanin Sarauniya Victoria. Bayin ƙasa yana bayan kicin, kuma da gani ka san a tsakar gida yake da can, daga baya aka haɗe shi da gidan. Bangonsa siriri ne, ba rami a tsakiya kamar ginin zamani. Alwalar asuba a watan Janairu kuwa sai mai ƙarfin hali. Da Hajiya ta zo daga Kano ganin jikanta, shiga ɗaya ta yi ta fito tana cewa, "Ke 'yar nan, a firji kuka ajiye masai?"

Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wani mai gyara. Abin da ya fara burge ni, kafin maganar kuɗi sai da ya shafa bangon, ya nuna mini tafin hannunsa a jiƙe. Ya ce ba yoyo ba ne, tururin girki ne ke shigowa ya tarar da bango mai sanyi ya zama raɓa, daga nan baƙar fumfuna ta kama kusurwa. Ni da na yi shekara 2 ina shafa fenti a kanta!

Ya kankare tsohuwar filasta, ya manna allunan hana sanyi masu taurin soso a baya, na kamfanin Kingspan, kaurin santimita 5. Ya shimfiɗa wasu sirara a ƙasa kafin ya ɗora tayil, ya sa fanka mai zuƙe laima wadda ke ci gaba da juyawa bayan an kashe fitila, da ƙaramar hita ta rataye tawul. Aikin tayil ɗin kam ba a magana, layi a miƙe tsaf.

Sai dai ya ce kwana 5, muka kwashe 9, ƙura har cikin tukwanena don bai rufe ƙofar kicin da leda ba. Bai kuma gaya mini ɗakin zai ƙara matsewa ba. Da ma can wurin kamar akurki, yanzu ƙofa ta koma buɗewa ta waje, kuma wannan ma sai da na biya daban.

Mun ɗan yi sa-in-sa kan tiyon tsarki. Ya ƙi haɗa shi kai tsaye da bututun famfo, wai dokar ruwa ta Ingila ta hana saboda kada ƙazanta ta koma cikin ruwan sha. Na ji haushi, na bincika, ashe gaskiyarsa ce. Buta dai na nan a mazauninta.

Zan sake kiransa, amma da sharaɗin a rubuta kwanaki da kuɗi a takarda. Hunturu ya zagayo, kusurwar nan fara tas. Na tura wa Hajiya hoto, ta ce sai ta taka da ƙafarta za ta yarda.