Rufaffen tankin ruwan zafi da sabbin na'urorin ɗumama gida: yadda aikin ya kasance a gidanmu na Manchesta

Gidan da muke zaune a cikinsa ginin shekarun 1930 ne, kuma mun tarar da shi da tsarin ruwan zafi irin wanda ya cika tsofaffin gidajen Ingila: babban tankin ruwan sanyi a can saman silin, tankin jan ƙarfe na ruwan zafi a wani ɗan kabad kusa da banɗaki, sai boila mai aiki da gas a kicin. A irin wannan tsari ƙarfin ruwan zafi bai dogara da komai ba face tsayin da ke tsakanin tankin sama da bakin famfo, kuma sai an samu tsayin mita 10 kafin a samu matsi na bar 1. Tsakanin tankinmu da kan shawa bai wuce mita 2 ba, saboda haka ruwan yana zubowa ne kamar daga bakin buta. Mu shida ne a gidan, kuma duk safiyar hunturu sai an yi layi, an yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, wanda ya zo ƙarshe kuwa da ruwan sanyi zai ƙarasa wankansa.

Kamfanoni uku na nema. Biyu daga ciki sun ce in aiko musu da hotuna ta waya, suka turo farashi a ranar. Na ukun, wani ƙaramin kamfani na iyali a unguwarmu, ya ƙi faɗin ko sisi sai da injiniyansu ya zo da kansa, kuma wannan ziyara ce ta sa na ba su aikin duk da cewa ba su ne mafi arha ba. Bai fara da duba tankin ba. Famfon lambu ya nufa, ya ɗaura masa ma'aunin matsi, sannan ya dawo kicin ya auna yawan litar da ke fitowa a minti ɗaya, ya kuma sake aunawa bayan ya sa an buɗe wani famfon a sama. Ya bayyana mini cewa rufaffen tanki, wato wanda ake haɗawa kai tsaye da bututun hukumar ruwa ba tare da tankin sama ba, ba ya ƙirƙirar ƙarfi, abin da bututun hukumar ruwa ya kawo shi yake miƙawa, kuma idan gida bai samun kimanin lita 20 a minti da matsin da bai gaza bar 1.5 ba yayin da ruwa ke gudana, shi ba zai ba da shawarar a kashe kuɗin ba. Namu ya ba da lita 22. Ya kuma durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya duba bututun da ke shigo da ruwa, domin gidajen da aka gina kafin 1970 sukan kasance da siririn bututun dalma. Muka yi sa'a masu gidan na baya sun riga sun sauya shi da shuɗin bututun roba mai faɗin milimita 25.

Tun kafin in tambaya ya nuna mini katinsa na Gas Safe, rajistar masu izinin aikin gas da ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a 2009, da kuma shaidarsa ta G3. Wannan ta biyun ita ce mutane da yawa ba su san su nema ba. Sashen G3 na dokokin gini a Ingila shi ne ya shafi adana ruwan zafi, kuma izinin taɓa gas kaɗai bai isa ya nuna cewa mutum ya cancanci dasa rufaffen tanki ba. Dalilin tsananin a fili yake: ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, idan kuwa tankin ya tsage a wannan hali, ruwan zai rikiɗe ya zama tururi nan take da ƙarfin da zai iya rushe bango.

Saboda haka ne aka jera wa tankin kariya hawa-hawa, kuma na tsaya a kan injiniyan yana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Akwai bawul mai rage matsin ruwan da ke shigowa zuwa bar 3. Akwai wani ɗan farin tanki da aka rataye a bango, mai roba da iska a ciki, wanda ke karɓar ƙarin da ruwa ke yi idan ya ɗauki zafi. Wasu tankunan, irin su Megaflo da sunansa ya kusa zama sunan kowane rufaffen tanki a bakin jama'a, a cikinsu suke riƙe da wannan iskar, amma namu na waje ne. Sai na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya wuce ƙa'ida, sai kuma bawul na ƙarshe da ke buɗewa da kansa idan ruwan ya kai wajen digiri 90. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan baƙin mazurari buɗaɗɗe da aka sa a tsakiyar bututun zubarwa, wanda bai fi tafin hannu ba. Ya sa yatsa a cikinsa ya nuna mini a bushe yake, ya ce haka ya kamata ya kasance kullum, ranar da na ga yana ɗiga kuwa in kashe boila in kira shi.

Kwana biyu aikin ya ci. Sun kwashe ruwan tankin sama suka yanka shi gunduwa-gunduwa kafin ya fita ta ƙofar silin, suka dasa sabon tanki mai lita 250, suka kuma cire tsohon bawul mai hanya uku suka sa biyu masu hanya bibbiyu, ɗaya na radiyeta, wato ƙarafunan ɗumama ɗaki, ɗaya na ruwan zafi. Da na faɗa musu cewa a kan kafet ɗin falo muke salla, ba su nemi ƙarin bayani ba. Sun shimfiɗa leda tun daga bakin ƙofa har saman bene, suka riƙa sa wa takalmansu rufi duk lokacin da suka shigo. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Bambancin ruwan ba ya buƙatar dogon bayani. Mutum biyu suna wanka a lokaci guda, uwargida tana wanke-wanke, babu wanda ruwansa ke yankewa. Sai dai ruwa mai ƙarfi ruwa ne mai saurin ƙarewa, domin shawar da a da take zubar da 'yan litoci yanzu tana zubar da ninkinsu, kuma a makon farko yara sun ƙarar da tankin sau biyu kafin mu sa wa kan shawar abin rage gudu. An saita zafin a digiri 60, kuma injiniyan ya gargaɗe ni kada in rage shi don neman sauƙin kuɗin gas, saboda ƙwayar cutar lijiyonela tana yaɗuwa ne a ruwan da ke tsakanin digiri 20 zuwa 45. Matsalar farar ƙasa mai toshe bututu ba ta dame mu sosai ba, tunda ruwan Manchesta daga tafkunan Thirlmere da Haweswater yake zuwa, kuma ba shi da ita da yawa, amma 'yan uwanmu na Landan da kudu maso gabas dole su sa wannan a lissafi.

Na'urorin ɗumamar kuwa sun fi ba ni mamaki fiye da tankin. A da agogo ne mai 'yan ƙusoshin roba da wata tsohuwar tamostat, na'urar da ke kunna boila ko kashe ta gwargwadon ɗumin wuri, a baranda, wadda iskar ƙofa ke bugawa, don haka boila ke ta ci alhali ɗakunan sama sun yi zafi har ana buɗe taga. Yanzu kowace radiyeta tana da nata kan mai batir da ke daidaita ɗuminta, kowane ɗaki da nasa lokaci a manhajar waya. A watan Disamba, lokacin da asuba ke kamawa bayan ƙarfe 6, falo da banɗakin ƙasa suna fara ɗumi rabin sa'a kafin mu tashi, ɗakunan yara su biyo baya, ɗakin baƙi kuma yana zaune a digiri 14 har sai mun yi baƙo. A watan azumi na matsar da lokutan zuwa sahur cikin 'yan mintoci. Falon muna barinsa a digiri 19, kuma mitar gas ta nuna mun ci ƙasa da na hunturun da ya gabata, mafi yawa saboda mun daina ɗumama ɗakunan da babu kowa.

Inda kamfanin ya gaza kuwa, ba zan rufe ba. Mutumin da ya auna komai da kyau bai faɗa mini cewa tsofaffin mahaɗan bututu da suka shekara da shekaru suna ɗaukar ruwa marar ƙarfi za su iya kasa jure sabon matsin ba. A dare na uku wani mahaɗi a ƙarƙashin kwanon wanke hannu ya saki, muka wayi gari silin kicin ya jiƙe ya yi tabo. Sun zo a ranar sun gyara ba tare da musu ba, amma fentin ni na biya, kuma da an gargaɗe ni da na riƙa dubawa a kwanakin farko. Bayanin manhajar ma cikin gaggawa aka yi shi, minti goma a tsaye, a wayata ni kaɗai, alhali uwargida ce ke wuni a gida kuma ita ce za ta fi amfani da ita. Takardar shaidar cewa an sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma, wadda lauyan mai saye zai nema duk ranar da za a sayar da gidan, sai da na kira sau uku kafin ta iso bayan mako shida.

Ga mai ƙaramin gida da banɗaki ɗaya, boilar da ke dafa ruwa nan take ba tare da tanki ba za ta fi masa sauƙi. Ga iyali irin namu kuwa zan sake yin aikin, kuma da wannan kamfanin. Rufaffen tanki yana buƙatar a duba shi duk shekara, a gwada bawul-bawul ɗinsa a kuma auna iskar ɗan farin tankin, kuma garantin masu ƙera shi ya rataya ne a kan hakan. Na riga na karɓi rana a watan Oktoba, na kuma roƙi injiniyan ya ware rabin sa'a ya zauna da uwargida a kan manhajar.