Farin ya burge ni, jan ya ɓata min rai: sharhina kan ruwan inabi marar barasa mai araha

Duk wanda ya saba sayen ruwan inabi marar barasa ya san yadda kasuwarsa take. Yawancin kwalaben nan masu dogon wuya da aka naɗe da takarda mai ƙyalli, idan ka buɗe ba komai ba ne a ciki illa inabin da aka matse, aka ɗura masa gas, wani lokacin ma har da ƙarin sukari. Kofin farko da daɗi, na biyu kuwa zaƙin ya ginshe ka, kana ajiye kofin kana neman ruwan sha. Ni tuntuni na gaji da su. Abin da nake nema shi ne wanda zan ajiye a firji in riƙa sha da abincin dare, wanda ba sai an yi wani taro ba, kuma kuɗinsa ba zai sa in tsaya lissafi duk lokacin da zan tsiyaya ba.

A haka na ci karo da wani fari ɗan ƙasar Sifaniya, wanda aka yi da inabin Muscat. Yana can layin ƙasa na kanta, inda sai ka sunkuya kake ganinsa. Kwalbar ba ta da wani ado, murfinta na murɗawa ne, kuma kuɗin guda ɗaya na masu ƙyallin nan zai saya maka biyu da canji. Arahar ba ta ba ni mamaki ba, don Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa faɗin gonakin inabi a duniya, yankin La Mancha kaɗai ya isa ya cika kasuwanni da kaya masu sauƙin kuɗi. Ɗanɗanonsa ne ya ba ni mamaki.

Na sa shi ya yi sanyi sosai kafin in buɗe. Tun kafin kofin ya kai bakina ƙamshi ya tarbe ni, na fure-fure haɗe da na ɓawon lemo. Da na kurɓa sai na ji ɗan tsami mai tsabta ya fara zuwa, zaƙin ya biyo baya kaɗan, sannan ya wuce bai manne a harshe ba. Na juya bayan kwalbar: sukari giram 4 a kowace mililita 100. Ruwan inabin da aka matse kawai yakan kai giram 15 ko fiye a wannan ma'auni, wato kusan ninki huɗu. Wannan ne karo na farko da na sha irin wannan abu da abinci, abincin bai ɓace a bakina ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na shiga gaya wa mutane, wasu ma na tura musu hoton kwalbar don kada su ɗauko wata.

Dalilin bambancin ya kamata mai saye ya sani, don ba ƙaramin abu ba ne. Wannan ba matsattsen inabi ba ne. An bar shi ya tsima tukuna, yis ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa, kamar kashi 12 zuwa 14 cikin 100 yadda aka saba, daga baya aka cire barasar. Ita barasa tana tafasa a digiri 78, ruwa kuma sai 100, amma idan aka ɗora ruwan inabi a wuta har ya kai 78 to an dafa shi ke nan, ƙamshin ya gudu. Shi ya sa ake zuba shi a tukunyar da aka zuƙe iskar cikinta, inda barasar ke tashi a wajen digiri 30 kacal. Wani Bajamushe mai sana'ar inabi a yankin kogin Rhine, Carl Jung, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1908. Saboda haka wanda yake da damuwa ta fuskar addini ya san da wannan tun kafin ya ciro kuɗinsa: abin ya taɓa zama giya kafin a tace shi, kuma malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa. Ni dai na duba na ga an rubuta 0.0% ɓaro-ɓaro a gaba da baya, kuma a kan wannan na tsaya.

Da a nan labarin ya tsaya, da tauraro biyar zan ba shi ba tare da wani dogon tunani ba.

Ganin ya kwanta min, sai na ce bari in sayi katan guda mai kwalba shida, daga wajen ɗaya daga cikin masu sayarwan nan na intanet da ke yin rangwame idan ka ɗauki katan. Na zaɓi farin, na biya, aka turo min shaidar biya an rubuta fari guda shida. Kayan suka iso da yamma lis. Ina karɓar kwalin na ji shi da zafi a hannuna, alamar ya wuni a bayan mota rana na dukansa. Gindin kwalin ya jiƙe ta gefe ɗaya. Na yanka salatif na buɗe: fari uku, ja uku. Ɗaya daga cikin jajayen ya yi yoyo ta ƙarƙashin murfi, wuyan kwalbar ya yi danƙo, takardar jikinta ta rine har rubutun ya dusashe.

Nan take na kira su. Wanda ya ɗauka ya ce, "Ranka ya daɗe, farin ne ya ƙare mana, shi ya sa muka cika maka da ja. Ai duk kamfani ɗaya ne." Na ce masa, "Malam, da kuka ga ya ƙare me ya hana ku kira ni? Lambata tana jikin takardar." Ya ce ai ja ma ya fi tsada, alfarma suka yi min. Wallahi wannan maganar ta fi yoyon ɓata min rai. Ban nemi alfarma ba, abin da na biya nake so. Ya ce in ɗanɗana tukuna, idan bai yi min ba sai mu yi magana.

To, na ɗanɗana. Tun daga tsiyayawa na san akwai matsala, don maimakon ja mai haske sai ga shi ya karkata zuwa ruwan ƙasa, musamman ta gefen kofin. Ƙamshin 'ya'yan itace babu, sai wani wari na abin da aka dafa ya kwana. A baki kuma ga tsami ga bauri, kamar shayin da aka manta da ganye a ciki har ya huce, bayansa kuma wani zaƙi-zaƙi da bai haɗu da komai ba. Kurɓa biyu na yi na tuttular da sauran. Ruwan inabi kowane iri ne ba ya son zafi, inda ya fi so shi ne wuri mai duhu mai sanyin digiri 12 zuwa 15. Wanda aka cire wa barasa kuwa ya fi rauni, tunda an raba shi da abin da ke kare shi daga lalacewa. Mai sayar da irin wannan kaya ya kamata a ce ya fi ni sanin haka.

Ina cikin jujjuya kwalbar ne idona ya kai kan ƙananan rubutun baya. An rubuta barasa ba ta wuce 0.5% ba. Farin da na saya 0.0% ne, jan da aka cusa min kuma 0.5%, alhali a shafinsu dukkansu an jera su a ƙarƙashin "babu barasa" ba tare da wani bayani ba. Na san kamfanin da ya yi shi bai karya doka ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira ruwan inabi wanda aka cire wa barasa muddin abin da ya rage bai haura 0.5% ba, kuma sun rubuta gaskiya a jikin kwalbarsu. Na kuma san wannan adadin ba ya bugarwa. Amma ba kowa ne yake guje wa barasa don tsoron buguwa ba. Akwai mai juna biyu, akwai wanda likita ya hana, akwai wanda ya sha fama kafin ya rabu da shaye-shaye kuma ba ya son ko ɗigo ya sake shiga bakinsa, akwai wanda imaninsa ne. Irin waɗannan mutane ba a canza musu kwalba a ce ai duk ɗaya ne. Da baƙo na zuba wa ba tare da na karanta ba fa?

Bayan wannan kuma ga kwanan wata. Irin wannan ruwan inabi ana rubuta masa ranar da ya kamata a shanye shi kafin ta, ba kamar mai barasa ba da ake iya ajiyewa shekaru. Jajayen nan saura kamar wata biyu wa'adinsu ya cika. A nan na gane dalilin alfarmar.

Na sake kira. Yanzu kuma sai magana ta canza, wai ba sa karɓar kwalbar da aka buɗe. Na tuna masa shi da bakinsa ya ce in ɗanɗana. Ya ce bari ya tambayi oga. Aka shiga yi min yawo da hankali, yau a ce oga ba ya nan, gobe a ce in turo hoto, in tura a ce hoton bai fito da kyau ba. Daga ƙarshe suka aiko aka karɓi biyun da ban buɗe ba, har da mai yoyon, amma kuɗi ba su dawo hannuna ba. Wai sun ajiye min a asusuna na shafinsu, in yi sayayya da su wani lokaci.

Don kada in ɗora wa kamfanin laifin dillali, na je da ƙafata wani kanti mai na'urar sanyaya ɗaki na sayi jan guda ɗaya mai sabon kwanan wata. Gaskiya akwai bambanci. Launin ja ne sosai, akwai ƙamshin inabi, warin dahuwar nan babu. Duk da haka bai kama ƙafar farin ba. Ruwa-ruwa yake a baki, ba shi da nauyi, kuma baurin yana nan. Wannan kam ba laifin ajiya ba ne, haka jajayen suke. Shi ja da ɓawonsa da 'ya'yansa ake tsima shi, daga nan yake samun launi da sinadarin tanin mai kawo bauri. Barasa ce ke ba shi kauri ta kuma rufe baurin, to da zarar an cire ta sai tsamin da baurin su fito fili. Masu yi sukan mayar da ɗan ruwan inabi mai kauri don su cike gurbin, shi ne zaƙin da kake ji yana yawo shi kaɗai. Inabi irin su Muscat da Riesling kuwa ƙarfinsu a ƙamshi da tsami yake tun asali, shi ya sa farin bai yi asarar da jan ya yi ba. Idan aka ɗan sanyaya jan, aka sha shi da abinci mai maiƙo, ana iya shanye kofi guda. Shi kaɗai kam ba zan ba kowa shawara ba.

Sai dai abin da ya fi ci min rai yana gaba. Fararen ukun da suka zo cikin katan ɗin nan, su ma zafin bai bar su ba. Na buɗe ta farko ina ɗokin ƙamshin nan na fure, sai na ji ya ragu da fiye da rabi, launin ya ƙara duhu, tsamin mai daɗi ya koma lami. Ana iya sha, amma ba shi ne abin da na yi ta tallatawa ba. Wani daga cikin waɗanda na tura wa hoto ya saya a wajen irin waɗannan dillalai, ya kira ni yana cewa shi bai ga abin yabo a ciki ba. Me zan ce masa? Abu ne da kyansa ya dogara da inda aka ajiye shi da motar da ta ɗauko shi, kuma mai saye ba shi da yadda zai gane sai ya buɗe.

Tunda na fara faɗin laifin farin, bari in ƙarasa. Ba ya jure ajiya bayan an buɗe shi. Ko a firji yake, kwana uku ya yi yawa, ƙamshin ya tafi. Kwalbar mililita 750 ce, ga mutum ɗaya mai shan kofi guda da daddare ta yi yawa, ƙarshenta sai an zubar da saura, kuma arahar da ake zubar da kashi ɗaya cikin ukunta ta ragu. Da za su yi ƙananan kwalabe da sun kyauta. Haka kuma idan ya bar sanyi ya ɗan ɗumama a kofi, zaƙin yana tasowa fiye da yadda nake so, don haka kaɗan-kaɗan nake tsiyayawa, kwalbar tana firji.

Farin zan ci gaba da saye, amma da hannuna zan ɗauko shi, daga kantin da ba ya jera kaya a jikin taga, in taɓa kwalbar in ji sanyinta, in duba wuyanta ko akwai danƙo, in karanta kwanan wata da adadin barasa a baya, ba abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba ba. Tauraro huɗu nake ba shi, na cire ɗaya saboda saurin lalacewa. Jan tauraro biyu, kuma ba don 0.5% ɗin kawai ba. Dillalin kuwa ko ɗaya bai ci ba. Kuɗin kwalabe biyun nan har yanzu suna asusun nasu, farin da nake so har yanzu sun ce bai zo ba, amma kusan kullum sai sun turo min saƙon rangwame a kan jan.